Fitilar Bene

Shekara talatin da huɗu ina yankan ƙarfe a Amagasaki,
ƙusoshi masu zare, 'yan mitsi-mitsi,
irin na cikin keken ɗinki.
Takardar da na buga wa hatimi ranar da aka ɗauke ni
shafi ɗaya ce tak: suna, albashi, lokacin tashi.
Sauran da ido muka ƙulla.

Ba a rubuta ba
cewa ba zan taɓa rigar tafiya gida ba
sai fitilar bene ta mutu,
wato sai tsoho Kuwabara ya rufe littafin lissafinsa.
Ba a rubuta ba
cewa ranar da mahaifina ya cika
zai zo da baƙar kwat, ruwa na tsuga,
ya tsaya can ƙarshen layi kamar dangin nesa,
ya ajiye ambulan mai nauyi, bai ce uffan ba.
Shekarar girgizar ƙasa injuna sun yi wata biyu a kwance,
albashi bai makara ko da yini ba.
Sai daga baya na ji gidansa ya jinginar.

Ni ma na biya nawa.
Chinami ta fara tafiya ban gani ba,
ta koyi hawa keke,
ta koyi yin shiru in na shigo.
Fumie takan kife faranti a kan shinkafata
ta kwanta tana fuskantar bango.
Sau biyu wani kamfani a Nagoya ya taya ni,
na rusuna na ce ina da wurin zama.
Ba wanda ya sa ni.
Ba kuma wanda ya hana.

Tsoho ya tafi da sanyin bara.
Ɗansa Naoyuki yaro ne mai ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba.
Ranar Talata ya kawo mini shayi da hannunsa
da takarda shafi goma sha ɗaya:
kwantiragi shekara-shekara, a sabunta in hali ya yi.
Komai an rubuta, har kuɗin safar hannu.
Na juya gaba, na juya baya
ina neman baƙar kwat ɗin nan da ruwan saman nan.
Babu layinsu.

Ga kuma Rikuto a inji na uku,
ashirin da uku, hannu kamar an auna.
Biyar na bugawa zai goge mai, ya rataye hula,
sai gobe.
Ya ce mini shekara biyu zai yi, ya koya, ya ƙara gaba,
ya faɗa kamar mai faɗin farashin taba.
Na cika na batse,
har na hango shi ta taga yana gudu
da 'yar jakar rawaya ta ɗansa a kafaɗa,
sai na rasa wa zan yi wa fushin.

Jiya ya manta lema ya dawo,
ya tarar da ni zaune, injina a kashe.
Ya ce, Baba, wa kake jira?
Na nuna bene da haɓa.
Ya ce ai ba kowa a can tun azahar,
na'ura ce ke kashe ta ƙarfe tara.

Wata goma sha ɗaya ina yi wa na'ura kara.

Yau na fita biyar.
Ashe titinmu yana da launi.
Ashe mai awarar kusurwa ya tsufa shi ma.
Fumie ta buɗe ƙofa, ta dubi agogo, ta dube ni,
ta ce, korar ka aka yi?
Na ce a'a.
Ta jima tsaye, sannan ta sauko da kwano na biyu.

Shinkafar na tururi.
Na manta haka take.
Takarda na aljihun dama, hatimi na aljihun hagu,
har yanzu ba su gaisa ba.