Jaka Ɗaya, In Ji Lahsan

Lahsan ya aiko mana da takarda,
jikana Idir ya karanta, na ce ya ƙara karantawa:
jaka ɗaya tak, ba buhu ba,
mota za ta tashi ƙarfe biyar daga kasuwar Taznakht,
wadda ta makara ta yi ta ɗaga hannu, babu tsayawa.

Mu goma sha huɗu ne, masaƙan darduma.
Shekara guda muna jefa dirhami a gwangwanin shayi,
Yamna ke ɓoye shi a bayan tulu.
Ta ƙirga sau uku a gabanmu, ta ce ya isa kwana biyu
da abincin dare, ban da tsarabar kowa.

Ga kayana a shimfiɗe, ina dubansu kamar za su yi magana.
Katin shaida na aljihun ciki, na ɗinke bakin da jan zare.
Maganin hawan jini ƙwaya shida ne lissafi,
na ƙara biyu,
don hanya ba ta faɗa wa mutum ranar dawowa.

An ce Sawira garin iska ne,
mai fizge mayafi ta rataya shi a jirgin masunta,
shi ya sa na nemo fil biyar.
Na ninke rigar ulun da na saƙa wa marigayi,
hannunta ya yi mini tsawo, sai na naɗe,
ai sanyin bakin teku da la'asar ba ya jiran gaisuwa.

Rkiya ta sayo takalmi mai sheƙi.
Na ce mata sabon takalmi baƙo ne,
ba ka san halinsa ba sai ya cije ka,
ki bar shi a gida, za a yi ta hawa ganuwa.
Ta tura baki. Ɗazu na hango ta tana wanke tsohon.

Tamu kuwa amai take tsoro,
hanyar duwatsu na murɗa ciki kamar ana matsar wanki.
Mun bar mata kujerar gaba, kusa da taga,
da lemon tsami biyu, da citta, da leda,
muka yi alkawarin ba mai dariya in ta fara zufa.
Ƙarya muka yi, ta kuma san da hakan, ai tsohuwar ƙawa ce.

Lambar Lahsan tana wayata,
amma waya kan mutu daidai lokacin da ake nemanta,
don haka Idir ya rubuta ta da manyan baƙi a kwali.
In kin ɓace, kada ki yi ta yawo, in ji takardar,
ki tsaya a ƙofar tashar jiragen ruwa
ki nemi hula ruwan ɗorawa.

Akuya na kai ta gidan maƙwabta da dusarta.
Na rufe masaƙa da tsohon zane,
dardumar ta kai rabi, ta jira ni.
Burodi, dabino, gorar ruwa,
kuɗi kashi biyu, rabi a jaka, rabi a ɗamara.
Na zuge zif, ya ƙi, na zauna a kai, ya yarda.

Saura abu guda da ba ya cikin takardar.
Shekara arba'in ina rina zare shuɗi,
masu saye suna shafa shi suna cewa kamar teku,
ni kuwa ina gyaɗa kai, ban taɓa gani ba.
Na yanko taƙi ɗaya na ɗaure a wuyan hannu.
Gobe, in Allah ya kai mu, yayin da suke cinikin kifi
zan tuɓe takalmi in miƙa hannun a kan ruwa,
in gani ko ƙarya suke yi mini.

Idir, saita agogon ƙarfe huɗu.
A'a, uku da rabi.