Yadi Biyar

Har yau ƙarfe biyar nake farkawa,
kunne a miƙe yana jiran jiniya.
Shekara shida ke nan ba ta yi kuka ba,
amma jiki bai san an sallame shi ba.
In dawo daga masallaci,
in tsaya ƙofar gida da takalmi a ƙafa
kamar ɗan aiken da ya mance saƙo.

Da can kekunanmu kan cika titin Funtuwa
har mai ƙosai ba ta samun ɗaga kai.
A ɗakin saƙa ba a jin muryar kowa,
ƙarar inji ta cinye sallama, ta cinye zagi,
sai muka koyi karatun leɓe.
Barmo daga inji na goma sha huɗu
ya motsa baki: an haihu, mace ce.
Ni daga ƙarshen layi na ce barka.
Ba wanda ya ji,
ba kuma wanda bai gane ba.

Wuta ce ta fara yi mana yaji.
Sai baƙin mai ya fi ƙarfin manaja,
albashi ya koma rabi,
rabin ya koma alkawari.
Ran wata Talata muka tarar da kwaɗo a ƙofa
da takarda manne, iska na ɗaga mata kunne:
a zauna gida sai abin da hali ya yi.
Hali bai yi ba.

Tabawa kan ƙulla zare in ya tsinke
kafin ƙoshiya ta kai ta komo.
Jiya na gan ta a Jabiri tana ɓarar gyaɗar wasu,
yatsun nan dai, saurin nan dai,
ladan wuni bai kai mudun gari ba.
Ta ce mini, ba sauti, da leɓe kawai:
kar ka tsaya, kunya nake ji.

Ƙanena a Dandume ya bar noman kaɗa.
Na tambaye shi dalili, ya yi dariya:
in noma in ci da miyar me?
Filin awon da kan yi fari kamar gajimare ya sauko
yanzu awaki ke kwana a kan sikeli.

Barmo dai tari ya ɗauke shi.
Shekara ashirin da biyu yana shaƙar ƙurar auduga,
ya kan ce ƙirjinsa ya isa a yi matashin kai.
Kuɗin sallamarsa na nan tafe, in ji su,
ya riga su isa.

Ni aka aika kasuwa sayen likkafani.
Yaron shago ya warware bandir, ya auna yadi biyar.
A gefen ƙyallen akwai hatimi
da rubutun da ba boko ba, ba ajami ba.
Na murza shi tsakanin yatsu:
sitaci ne ya yi masa jiki, zaren kamar yanar gizo.
Na ce, wannan wanki ɗaya ya zama rariya.
Yaron ya dube ni ya ce,
Baba, ai ba wanke shi za a yi ba.

Na biya.
Mutumin da ya saƙa alawayyon
da ya isa ya shimfiɗu daga nan har Daura,
a yadin baƙi muka naɗe shi.

A bakin kabari mu huɗu muka tsaya kusa,
ni da Iro da Sada da Mati gurgu.
Jama'a sun ga leɓunanmu na motsi,
suka ɗaga hannu suna amin.
Addu'a mun yi, Allah shaida.
Amma abin da Iro ke faɗi a lokacin,
ido jawur, yana kallon farin da ƙasa ke rufewa:
ko gefen ma
ba su iya kashe shi ba.