Rabin Gudu

Sha ɗaya na dare a Aboabo, ruwa na dukan kwano.
Ƙwai ɗari da ashirin na Hajiya Barikisu
suna kwance a akwatin da na yi wa alkawarin ɗumi,
'yar ƙwaƙwalwar da za ta yi gadin zafinsu kuwa
ta ƙi gaya mini abin da take ji.

Ba shiru ta yi ba. Da shiru ne, da sauƙi.
Surutu take zubo wa kwamfuta:
alamar tambaya, ɗan akwati, wani harafi mai ƙaho,
kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda.

Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya.
Bakin wannan na kunnen wancan,
bakin wancan na kunnen wannan,
baƙar waya ta tsayar da su a ƙasa ɗaya.
Ɗigo takwas kowane harafi,
sallama a gabansa, tsayawa a bayansa.
Dubu tara da ɗari shida na rubuta mata,
dubu tara da ɗari shida na faɗa wa kwamfuta.
To, ina abin gardama?

Na cilla zuwa dubu ɗari da sha biyar da ɗari biyu,
don haushi kawai.
Shirme ya sake riga. Shayi ya huce.
Dalma ta ɗiga mini a babban yatsa.

Sai da na matso da fitilar waya
kan ɗan kiristal ɗin da ke buga mata zuciya,
wanda bai fi ƙwayar wake ba,
na goge shi da bakin riga.
Takwas.
Boakye na Adum ya rantse mini sha shida ne,
sidina arba'in na aljihunsa.

Ashe duk lissafin da na ɗora mata, rabi take takawa.
Ba ƙarya take ba, ba ta zauce ba,
kunnena ne ke gaggawa.

Dubu huɗu da ɗari takwas. Na danna.
Talatin da bakwai da rabi.
Talatin da bakwai da rabi.
Tun magariba abin da take faɗa ke nan, baiwar Allah.

A ɗakin baya Baba ya yi tari.
Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara
kalma ɗaya kan ci masa numfashi uku.
Mukan ce “To, Baba, to,” muna tsaye a bakin ƙofa,
mu ƙarasa masa zance da abin da ya yi mana daidai,
mu kawo ruwa, alhali wataƙila taga yake so a buɗe.

Na zare ƙarfen solda daga wuta.
Na jawo kujera 'yar tsuguno har jikin gadonsa.
Ruwa ya tsagaita, sai ɗigar indararo.
Ya ce, “Mu…”
Ya huta.
“…ta…”

Ban ƙarasa masa sunana ba.