Kwatar Nima

Sun rufe babbar kwata da kankare.
Shekara arba'in ina tsallake ta
a kan katako biyu masu rawa,
yau ma ƙafata ta ɗaga da kanta
ta tsallake ruwan da babu shi.

A nan takalmin Fuseini ya faɗa ranar saukarsa,
a nan damina ta kwashe tukunyar Mma Zenabu
da waken ciki, har da ludayi.
Yanzu yara ke buga ƙwallo a wurin,
ba su san me suke takawa ba.

An kafa fitila mai shan rana a bakin masallaci.
Ɓarayin waya sun canza layi,
sauro ya rage waƙa,
an manna wa ƙofarmu shuɗiyar lamba
kamar da can ba mu da suna.

Na gode, wallahi na gode.
Jikata ba ta yi zazzaɓi ba bana.

Amma fenti na bushewa
mai gida ya zo da sabon lissafi,
kuɗin shekara biyu a dunƙule.
Awudu tela ya ɗaure kekensa a kan tirotiro,
ya nufi Kasoa, bai waiwayo ba.
Shagonsa ya zama gilashi,
kofi ɗaya kuɗin tuwon kwana uku.

Da asuba, in gari ya yi tsit,
nakan tsaya a kan kankaren in kasa kunne.
Ruwan yana nan ƙasa, yana tafiya,
yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya,
har da na waɗanda suka tashi.