Waya Ɗaya a Rafindadi

Tun kafin a sallame asuba nake duba caji:
kashi talatin da ɗaya,
wuta kuwa ta gudu tun jiya
kamar wadda ta hango mai bin ta bashi.

Gidanmu ɗaki biyu ne da tsakar gida,
amma ya haɗiye ofishina,
ya haɗiye na Nafi'u,
ya haɗiye aji uku da aji biyar,
bai ko yi gyatsa ba.

Sabis ba ya shiga ɗaki.
Yana tsayawa gindin zogale, gefen randa,
kamar baƙo mai kunyar surukai.
Can muke kai masa tabarma.

Ƙarfe tara, Malama Badi'a ta fito a waya,
muryarta na tsinkewa kamar zaren tsohon keke:
"Yara, ku raba... bisa huɗu... kun gane?"
Rumasa'u ta dube ni.
Ni da ke ƙirga wa kamfani buhun taki dubu
ba tare da na ɓatar da ko tiya ba,
na tsaya riƙe da rabin lemo,
na manta dalilin da ake juya lamba.

Nafi'u na zaure yana ba wani haƙuri
a kan kuɗin da suka maƙale a banki,
hannu ɗaya a kunne,
ɗaya na feƙe wa Mujittafa fensir da reza.

Sha ɗaya, taron ofis ya ci karo da darasi.
Na karɓe wayar, ɗiyata ta kumbura baki,
na ce minti goma, ta san ƙarya ne.
Ina jin ana batun kasafi, ina raɗa mata,
"Rabi a raba da kwata, sake gwadawa."
Ashe ban rufe murya ba.

Shiru.
Sai manaja daga Kano ya yi tari:
"Hajiya Sahura, a juya na biyun, sai a ninka.
Nawa ma ga shi nan zaune kan ƙafata."
Mutum bakwai suka yi dariya a garuruwa huɗu,
wani jariri ya amsa musu daga Funtuwa.
Biyu, in ji Rumasa'u. Biyu ne!

Wake ya kama a tukunya. Mun ci hakanan.

Ƙarfe biyun dare aka kawo wuta.
Na tashi ina lalubar caja,
na taka littafinta a buɗe bakin ƙofa.
An ce su rubuta sana'ar iyayensu.
Ta rubuta da jan biro, harafi na hawa harafi:
"Babana yana ba mutane haƙuri.
Mamata ajinmu ɗaya,
amma ita ba a yi mata rajista ba."

Na gyara mata wasali guda,
na jona wayar,
na zauna ina kallon kashi huɗu ya zama biyar.