Kwana Goma Sha Uku

Shekara ashirin da biyu ina hawa na huɗu,
taga na kallon tafki, jiragen tama na barin Duluth,
ni kuwa ina awon kalmomi kamar mai awon zinariya.
Ni na rubuta shafi na bakwai,
wanda masu karnuka ke tsallakewa su sa hannu.

"Lokacin jira," na rubuta, "kwana goma sha huɗu ne
daga ranar da inshora ta fara aiki,
wanda a cikinsu kamfani bai san ka ba."
Mista Rautio ya soke ƙarshen jimlar da jan biro.
Ya ce gaskiya ce, amma ba a sa mata tufafi ba.

"Ciwon da ya rigaya" shi ya fi ba mu wuya:
abin da likita ya gani, ko ya ba da shawara a kai,
ko alamarsa ta bayyana kafin ranar.
Mako uku muka kwashe a kan kalmar alama.
Tari ɗaya alama ce?
Kin cin abinci da safe fa?
Lauya Lindqvist ta ce a bar ta da faɗi
kamar rigar aro, kowa ya shiga.

Na raba ciwon gado da wanda aka haifa da shi,
na raba mai naci da mai wucewa,
na jera togaciya goma sha ɗaya, na daidaita kawunansu.
A takardarmu kare dukiya ne,
sahu ɗaya da keke da kujera.
Ban taɓa jin komai ba. Aiki ne.

Sai Arvid ya rasu, gida ya yi mini yawa.
A Nuwamba na ɗauko Otis daga gidan karnukan da ba su da kowa,
kunne ɗaya a tsaye, ɗaya ya gaji.
Na saya masa inshorarmu, har da rangwamen ma'aikata.
Ban karanta ba. Me zan karanta?

Kwana na goma sha uku, ƙanƙara a matakala,
ya zame, ya ɗage ƙafar baya, ya dube ni.
Na san lissafin kafin in san zafinsa,
wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa.
Jibi kawai, na ce masa. Daure zuwa jibi.
Ya kwana yana kuka ƙasa-ƙasa, kada ya tashe ni.
Ƙarfe shida na naɗe shi a bargon Arvid.

Dakta Nyberg ta shafa gwiwar, ta ce jijiya ta tsinke.
Ta ɗaga biro: "Yaushe ya fara ɗingishi?"
Ta san inda nake aiki. Ta jira.
Agogon bango ma ya jira.
Na ce, "Jiya."

Wasiƙar ta iso cikin farar ambulan.
Muna baƙin cikin sanar da ke.
Ga jimlata, ga waƙafin da na yi faɗa a kansa,
ko ɗigo ba su taɓa ba.
Ashe wanzami ba ya son jarfa.
Na yi dariya a kicin har na zauna a ƙasa.

Na sayar da kwalekwalen Arvid aka yi tiyata.

Yanzu Otis na taka ƙafa huɗu, ta huɗun da shawara.
Ran Litinin Rautio ya ajiye mini fayil,
za a sabunta shafi na bakwai, lauyoyi na son ƙarin haske.
Na kai shi gida, na baza a tebur,
na tsaya a kan kalmar alama har dare ya raba.
Otis ya ɗora haɓarsa a gwiwata,
yawunsa ya jiƙa sakin layi na uku.
Ban goge ba.