Kilo Ashirin da Uku

Sikelin Malam Ganda mai wake muka aro,
ya shigo gida da ƙaiƙayi a jikinsa.
Takarda ta ce kowace jaka kilo ashirin da uku.
Ba ta faɗi kilo nawa ne Damagaram ba.

Na zuba kuka, na danna daddawa a gwangwanin madara,
na naɗe da leda, na sake naɗewa.
Illa ya sunsuna, ya ce, "Zuwaira,
wallahi za su tsare mu a Tunis."
Na ce su tsare.
Wanda zai yi shekara biyu babu miyar kuka
ai da ma a tsare yake.

Barira ta hau akwati ta zauna don ya rufu,
shekara shida, nauyin buhun gishiri ƙarami.
Ta ce, "Da gaske ne can famfo ba ya ɗaukewa?"
Na ce haka ubanki ya ji.
Ta yi shiru, tana kaɗa ƙafa.
"To me 'yan ga-ruwa suke ci?"
Na ja zif, na yi kamar ban ji ba.

Rahila kuwa, wata bakwai a duniya,
ita ma an yi mata fasfo kamar wata 'yar kasuwa.
Sau biyar mai hoto na Zango ya tafa hannu,
ya yi kukan akuya, ya karkaɗa makullai,
ta ƙi buɗe ido.
Ga ta nan a shafin farko, ido ɗaya a kanne,
kamar tun lokacin ba ta yarda da tafiyar ba.

Sai Mutari.
Dutse ya ɗauko daga bayan gidan Inna a Birni,
inda suke zamiya har wando ya huje,
ya kai dunƙulen hannun ubansa.
Ya cusa a takalmin Illa. Sikeli ya tona.
Ya cusa a cikin zanena. Sikeli ya tona.
Karo na uku bai ɓoye ba,
ya ɗora shi kan akwati ya tsaya yana kallona,
hanci na zuba.

Inna ba ta yi kuka ba.
Gawayi ta ɗauko ta jera su jikin bango,
ta ja layi bisa kan kowa,
har jaririyar, da na riƙe a tsaye.
Ta ce, "Ku riƙa yi mata Hausa a ɗaki.
Kar ta dawo tana gaishe ni da hannu
kamar baƙuwar asibiti."
Sannan ta shiga madafa ta daɗe,
alhali babu komai a kan wuta.

Ƙarfe huɗu na asuba, tasha.
Mai shayi na fifita garwashi,
ana ɗaure babur a saman wata mota.
Mun ɗauko yara suna barci, kai na lilo,
Illa na taɓa aljihu yana ƙirga:
fasfo biyar, katin rigakafi biyar, fasfo biyar.
Yini guda cur ne kafin Yamai,
jirgi kuma sai jibi.

Fitilun gari suka koma baya ɗaya-ɗaya.
Ko Tirmini ba mu kai ba
Mutari ya farka ya ce, "Mun iso?"
Na ce saura kaɗan,
ƙaryar farko ta hanya, za a yi wasu.
Ya lalubo jakar hannuna yana neman biskit,
sai yatsunsa suka tsaya.
Bai ce komai ba. Ni ma haka.

Takalmina na biki yana can ƙarƙashin gadon Inna.
Kilo ɗaya ne, babu kaɗan.